Baƙon da Muka Hana Sauro Ya Cije Shi

Tsufa ya share mani abubuwa da yawa, har sunayen wasu abokan wasana sai na yi ta lalube kafin in tuna. Amma zaman da malamin sauro ya yi a zaurena a Ƙanƙara, wannan kam da shi za a kai ni kabari. Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu ne, lokacin ana ta maganar zaɓe da mulkin kai, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina da ƙuruciyata, ban daɗe da aure ba, ina zaune da matata da mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Inna. Karatuna na allo ne, sai ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka a yi mani uzuri in bayanina ya gaza.

Sana'ata takalmin taya. Motocin da ke kai auduga Kudu daga Funtuwa sukan dawo da tsofaffin tayoyi, ni kuma in je in saya, in ɗoro wa jakai. In yanka, in fere, in sa maɗauri, ranar kasuwa in baje. Manoma daga Ketare har Tafoki sun san takalmina, don ƙaya ba ta huda shi. Tayoyin da ban kai ga yankawa ba nakan jibge su a gefen zaure, rana ta doke su, ruwa ya doke su, ban taɓa kawo komai a raina ba.

A damunar wannan shekara wani zazzaɓi ya sauka unguwarmu wanda ba mu san irinsa ba. Na damuna mun saba da shi, mun san yadda yake zuwa da yadda yake tafiya. Wannan kuwa gaɓoɓi yake kamawa, mutum ya ji kamar an bi shi da taɓarya, bayan idonsa ya yi ta sara, ƙato ya kasa ɗaga buta. Matata ta kwanta, da ƙyar ta tashi. Tare da shi mutane suka fara lura da wani sauro baƙi mai zanen fari a ƙafafu, wanda ba ya jiran dare. Da hantsi yake cizo, da la'asar kuma ya dawo, a ƙwauri da idon sawu, shiru ba tare da kuka a kunne ba.

Da labari ya kai Katsina, sai aka aiko cewa tafkin bayan unguwarmu ne ke haifar da sauro, za a fasa gaɓarsa ruwan ya tsiyaye cikin rafi. Wanda bai zauna wurinmu ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Damuna ta zo ƙarshe, in aka fasa babu ruwan saman da zai sake cika shi. Da shi muke kaiwa bazara. Nan shanun Fulani ke sha, nan ake ɗiban ruwan kwaɓa ƙasar gini, a bakinsa Inna ke da 'yar gonar albasarta. In Fulani suka tashi, gonakinmu sun rasa taki. Aka ce babban duba-gari zai zo da kansa ya ba da umarnin fasawa, amma kafin nan an turo wani malamin asibiti ya bincika.

A kan keke ya iso, da akwatin katako ɗaure a baya. Dogo ne siriri, mai magana a hankali, bai girme ni da yawa ba. Mai unguwa ya sauke shi gidana don na yi wa zaurena sabon yaɓe, ga shi kusa da tafki. Ina jin za a kawo mani baƙo, abin da na fara yi shi ne kwashe tayoyin nan na shigar da su cikin gida, bayan ɗakin Inna, gindin wata bishiyar gwanda, don kada mutumin birni ya fito ya ci karo da tarkace.

Bayan mun gaisa ya sha fura, sai ya ce mani, "Maigida, abu ɗaya nake roƙo. Kada a kore mani sauro. Shi na zo nema, in ya same ni a nan ya rage mani tafiya." Na ce to. Na shiga ciki na gaya wa Inna, ta dube ni kamar na yi maganar yara. Ta ce, "Kawaici ne. Wane baƙo ka taɓa ji ya ce a yi mashi hayaƙi? Ko tuwo ka kai mashi cewa zai yi ya ƙoshi. Gobe ya koma Katsina da jiki duk ƙuraje, a ce gidan wa ya sabka?" Na ga gaskiyarta, don haka aka rene mu: abin da baƙo ya ce ba ya so, shi ake ƙara mashi.

Daga ranar, da ya fita yawon aikinsa sai in zuba garwashi a kasko, in sa ɗaɗɗoya da busasshen kashin shanu, in sauke asabari, zaure ya turnuƙe. Kafin ya dawo na fitar da kasko na share toka. Ya taɓa tambayata warin hayaƙi, na ce daga madafa iska ke kawowa. Ƙarya na yi mashi, Allah Ya yafe mani, kuma a lokacin ji nake babu mai karamci kamar ni.

Aikinsa kuwa abin kallo ne. Yana da wani bututun gilashi da ƙyalle a tsakiya, in sauro ya sauka sai ya kara bututun ya zuƙe shi da baki, ya hura shi cikin kwalba. Yana da ludayi mai dogon hannu, da shi yake ɗiban ruwa a tafki, a kogon itace, a kaskon kaji, duk inda ya ga 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil. Ya ce su ne 'ya'yan sauro. Kowane ruwa da kwalbarsa, ya ɗaure bakin da ƙyalle, ya jera a zaure yana jiran ya ga irin sauron da zai fito. Cikin gidajen mutane ba ya shiga, sai dai a fito mashi da randa ya leƙa. Mai zanen yakan kama shi a zaurukan maƙwabta, amma inda yake haihuwa ya gagare shi. Wata rana ya ce mani, "Duk unguwar nan gidanka ne kawai ban samu ko ɗaya ba." Na sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Wani hantsi ya kira ni in ga abin da yake yi. Ya fito da madubin likita daga akwati, irin mai ƙara girman abu, ya ajiye a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa. Ya ɗora sauro a kan ɗan fallen gilashi, ya ɗiga ruwan gishiri, ya ɗauki allura biyu. Da ɗaya ya danne ƙirjin, da ɗaya ya ja wutsiyar, sai ga hanjin ya biyo kamar silin zare. Ni da nake taƙama da iya riƙe wuƙa, ranar na ga hannu. Ya fasa hanjin, ya shafa a gilashin, ya bari ya bushe, ya ɗiga wani shuɗi kamar ruwan baba, sannan ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa.

Da farko haske kawai na gani. Ya murɗa wani abu, sai ga su birjik: wasu kamar tsakin shinkafa, wasu kamar ƙwayar gero, wasu a jere kamar duwatsun wuya. Ya ce duk masu rai ne, kuma a cikin sauro ɗaya suke zaune. Na ce, "Malam, a cikin wannan ɗan abin?" Ya ce, "Kowane sauro da garinsa a ciki. Tun yana tsutsa yake shan su a ruwan da ya tashi. Na mai zanen nan ba su yi kama da na sauron dare da na saba gani ba, shi ya sa nake zaton ba ruwa ɗaya suka sha ba." Na tambaye shi ko su ne ke sa mu ciwo. Ya ce wataƙila, wataƙila kuma faɗa suke da cutar a can ciki, ko kuwa zamansu kawai suke. Gilasan yana tara su ne ya aika wa manyan likitoci. Na koma bakin aikina ina ta tasbihi, na kasa yanka takalmi daidai.

Ana saura kwana kaɗan babban duba-gari ya zo, Inna ta fito share zaure Malam ba ya nan. Ta ga kwalabe jere da ruwa kore, tsutsotsi na yawo a ciki. A ganinta bawan Allah da wannan yake alwala don kunyar ya nemi ruwa. Ta zubar da su duka, ta wanke da toka, ta cika da ruwan rijiya, ta mayar da ƙyallayen yadda ta same su.

Na shigo na tarar da shi tsaye a kansu. Can ya ɗauki ɗaya, ya kwance ƙyallen, ya kafa kai ya sha. Ya ce, "Ruwan nan da sanyi. A gaishe mani da Inna." Sannan ya zauna a tabarma. Ya ce da waɗannan kwalabe ne zai nuna cewa ruwan tafki ba ya haifar mai zane. Yanzu ba shi da su, kuma bai gano inda mai zanen ke fitowa ba. In babban duba-gari ya zo ya tarar da shi hannu biyu, tafki ya tafi.

Da ya yi faɗa, na tabbata da na kare kaina, don ni mutum ne mai saurin hawa. Amma wannan ruwan da ya sha shi ya karya ni. Na durƙusa na gaya mashi maganar hayaƙi. Ya ce, "Kullum?" Na ce kullum. Ya rufe fuska da tafi, kafaɗunsa na motsi, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Da ya nitsa ya ce, "Maƙwabcinka na gabas da na yamma, wurinsu na fi kama shi. Gidanka na tsakiya, na cire shi daga zargi saboda ban ga komai ba. Mi ke cikin gidan nan mai riƙe ruwa?" Na ce randa ce kawai, ita kuwa Inna ba ta barin ta da datti. Ina rufe baki tayoyi suka faɗo mani a rai.

Ya ce yana so ya gan su inda suke. Nan na tsaya. Namiji baligi, ba dangin iya ba na baba, ya wuce zaure ya shiga inda matata take, ba a taɓa yi ba a gidanmu. Na ce in ɗauko mashi ɗaya, ya ce kafin in iso ruwan ya zube. Muna cikin haka sai muryar Inna daga bayan bango, ashe duk tana ji. Ta ce, "Kai, matsa ka ba shi hanya. Wanda ya ci tuwon hannuna, na yi mashi ɓarna ya aiko a gaishe ni, ai ɗana ne. Shigo, Malam." Matata ta shige ɗaki ta saki labule, Inna ta yi gaba, muka bi ta.

Kowace taya da ruwanta baƙi ƙirin a kwance cikin lungun, ganyen gwanda ya ruɓe a ciki. Ya sa ludayi ya ɗebo, ruwan na tafasa da tsutsotsi. Kafin mu yi magana masu zanen sun fara sauka ƙafafunmu. Ya ce mu ja baya. Ya kifa turmi ya zauna, ya naɗe wandonsa har gwiwa, ya ɗauki bututunsa. Sai sauro ya sauka ya kafa baki, sannan ya zuƙe shi, don yana bukatar masu rai da yawa da zai buɗe cikinsu. Na kasa jurewa, na kai hannu zan kore, ya riƙe ni. Na ce to ya tashi ni in zauna, ai tayoyina ne. Ya ce, "Matarka ba ta gama warwarewa ba. In ka kwanta, wa zai ɗebo masu ruwa? Ni wannan zaman shi aka aiko ni in yi." Inna na tsaye a gefe da mafici a hannu, ta ɗaga ta sauke, ta ɗaga ta sauke, bakinta na motsi da addu'a. Ban taɓa ganin ta cikin azaba irin ta ranar ba, ana cizon baƙonta a tsakar gidanta tana kallo.

Ya tsince tsutsotsin da kansu ya yi ƙulu, waɗanda ya ce sun kusa zama sauro, ya zuba a kwalba. Ya koma tafki ya ɗebo irinsu a wata kwalbar. Ni kuwa tunanina ya koma kan tayoyi, don su ne duk jarina, kuma na san 'yan duba-gari ƙonawa suke. Ya gane abin da ke damuna. Ya nuna mani wasu baƙaƙen ɗigo manne a cikin taya, sama da inda ruwa ya tsaya, ya ce ƙwai ne, suna iya bushewa su yi doguwar tafiya a mota, ranar da ruwa ya taɓa su su ƙyanƙyashe. Ya ce, "Taya ba ta da laifi sai in tana riƙe ruwa. Kawo wuƙa biyu." Muka zubar da ruwan a rana, muka goge cikin da toka mai zafi, muka yi ta tsaga su falle-falle har kiran magariba. Bai iya aikin ba, tafinsa duk ya yi kanta, yana yanka a karkace ina gyarawa, yana cewa gara da bai zama mai yin takalmi ba da mutanen Ketare sun koma tafiya ba takalmi.

Ranar da babban duba-gari ya zo, an riga an tara majiya ƙarfi a bakin tafki da diga da shebur. Mai unguwa na nan, Ardon Fulani na nan dogare da sandarsa. Malam ya iso yana jan ƙafa, idonsa jajir, zazzaɓin ya riga ya kama shi. Ya ajiye kwalabe biyu a kan akwati. A ta ruwan tayoyi, masu zane sun fito suna shawagi ƙarƙashin ƙyalle. A ta ruwan tafki kuwa sauron dare ne da muka sani tun kakanni. Babban duba-gari dattijo ne mai nitsuwa, ya ɗaga kowace ya duba a rana, ya tambayi inda aka samo ta farkon. Malam ya ce, "Tsofaffin tayoyi ne a wani gida, ranka ya daɗe. An riga an tsage su." Ina tsaye cikin mutane ina ji. Ban fito na ce ni ne ba, ban yi wannan jarumtakar ba, ko da yake mai takalmin taya ɗaya ne a unguwar, kuma na ga mai unguwa yana kallon sama.

Dattijon ya ce a nuna mashi abin da ake cewa ana gani a cikin sauron. Ya leƙa madubi ya daɗe, ya ɗago ya ce, "To waɗannan su ne cutar ke nan? In su ne, kuma babu su a na tafki, magana ta ƙare." Kalma ɗaya Malam zai faɗa a watse, kuma babu wanda zai iya ƙaryata shi a wurin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Na gan su, ban san aikinsu ba. Abin da na sani, zazzaɓin nan tare da mai zane ya zo, mai zane kuma ba a tafki yake haihuwa ba. Tafki yana haifar sauron dare, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma in aka fasa shi, za a rasa ruwa, zazzaɓin kuma yana nan."

Na ji haushinsa a wannan lokacin, na ce a raina mutumin nan ya kashe mu da gaskiyarsa. Ardo ya sunkuyar da kai. Dattijon ya dubi tafki, ya dubi Malam da ke rawar sanyi a tsakar rana, ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura da cizo. Sannan ya juya ga masu diga ya ce su ajiye, su ɗauko lauje su yanke ciyawar bakin ruwa. Ya ce mai unguwa ya bi gida-gida, duk abin da ke riƙe ruwan sama a kife shi, randa kuma a riƙa wankewa ana rufewa. Ya ce in zazzaɓin bai ja baya ba zai dawo, kuma ranar ba zai saurari kowa ba. Bai dawo ba.

Malam ya kwanta a zaurena ya sha jiki ƙwarai. Inna ce ta yi jinyarsa, da kunun tsamiya da ruwan ɗumi, wannan karon kuwa ba ta taɓa ko tsinke a kayansa ba sai ta tambaya. Da ya samu sauƙi ya ɗaura akwatinsa ya nufi Faskari, daga nan aka ce ya wuce Sabuwa, ban sake ganin shi ba. Tafki ya kai mu har ruwan farko na wata damunar, shanu suka sha, Inna ta cire albasarta. Wani jikana da ya yi karatu mai zurfi ya ce mani har yanzu masana na kan binciken waɗannan 'yan halittu na cikin sauro, ba a gama sanin su ba. Na ce mashi ai na san wanda ya faɗi haka tun kafin a haifi ubansa.

Abin da na koya, alherin da ka yi wa mutum ba tare da ka saurare shi ba, kanka ka yi wa, kuma yana iya zama cuta. Na kuma ga da idona cewa mai ilimin gaske ba ya jin kunyar cewa bai sani ba, ko da a wurin da ƙarya ɗaya za ta fisshe shi. Ni na yi ƙarya don in kare sunan gidana, na kusa jawo wa unguwa ƙishirwa. Shi ya faɗi gaskiya a inda na ɗauka za ta kashe mu, da ita aka bar mana ruwanmu. In yana raye Allah Ya saka mashi da alheri, in ya riga mu Allah Ya haskaka kabarinsa.